Lacca a Rumfar Mai Faci

Raliya ta sake ɗaga kwalin da ke hannunta sama, duk da zufa ta jiƙa gefensa har rubutun "A bar mu mu ji" ya fara dagulewa. Ɗalibai kusan tamanin ne a gaban ofishin shugaban kwalejin, maza a dama, mata a hagu, yadda suka saba zama a aji. Tun ƙarfe tara suke tsaye, babu wanda ya leƙo.

Wata biyu ta yi tana shirya wannan lacca. Ita ce sakatariyar ƙungiyar ɗalibai a kwalejin addinin da ke bayan Tudun Fulani, kuma ita ta je asibiti da ƙafarta ta roƙi Dakta Rebecca Yisa ta zo ta yi musu bayanin gwajin jini kafin aure. Likitar ce ta yi shekara shida tana duba ƙanwarta Muniratu, har sikila ta ɗauke yarinyar bara. Sai jiya da yamma aka liƙa sanarwa a allo: babu baƙon da zai ƙara magana a harabar kwaleji sai wanda kwamiti ya tantance aƙidarsa.

Wajen sha ɗaya mataimakin shugaba, Malam Umar Faruk, ya aika a kira ta. Shi ya koyar da ita fiƙihu tun shekarar farko.

"Malam, likita ce fa," in ji Raliya. "Maganar jini za ta yi, ba tauhidi ba."

"Na sani. Kin manta mai wa'azin da 'yan ƙungiyarku suka kawo bara? Ya kafirta rabin zauren, aka fasa wa ɗalibi kai da kujera. Iyaye goma sha ɗaya suka cire 'ya'yansu."

"Ai shi ko an tantance shi wucewa zai yi, Malam. Takardunsa sun fi na kowa."

Malam ya cire tabarau ya goge.

"Ku rubuto. Kwamiti zai duba."

"Yaushe?"

"Bayan hutu."

"Kafin a dawo hutu 'yan ajinmu bakwai sun yi aure."

"Raliya, ki je ki sallami mutanenki."

Tana fitowa wayarta ta yi ƙara. Likita ce, ta iso bakin ƙofa. Raliya ta tarar da ita tsaye da jakar takardu, Baba Maiwada mai gadi ya riƙe kwaɗo yana ta ba ta haƙuri.

"Madam, ki yi haƙuri. Oga ya ce ba shiga. Ni ba ruwana, wallahi."

Kunya ta hana Raliya ɗaga ido. "Dakta, ki gafarce ni. Jiya aka canza doka."

"Na yi musayar aiki da wani don in zo," in ji likitar, ta duba agogo. "Minti arba'in gare ni. Titi ma nasu ne?"

A tsallaken titi akwai rumfar wani mai faci. Ya yarda ya ja tayoyinsa gefe. Raliya ta koma ciki da gudu ta sanar, amma kafin a motsa sai ga wani ma'aikaci ya zauna kusa da ƙofa da biro da rajista, yana rubuta sunan duk wanda ya fita. Waɗanda suka fi kowa ihu da safe suka fara duba wayoyinsu. Shugaban ƙungiyar ma ya ce bari ya yi alwala tukuna, bai dawo ba.

Mutum ashirin da uku suka tsallaka.

Likitar ta hau kan tsohuwar taya ta fara bayani, tana zana AS da SS a bayan kwalin Raliya. Kowane keke napep ya wuce sai ya haɗiye rabin jimlarta. Ana tsaka da haka wani direban tifa ya tsaya a ƙara wa tayarsa iska, mai faci ya tayar da injinsa, na baya suka daina jin komai. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu za ta yi tambaya, ta waiga ta ga masu acaba sun taru suna kallo, ta sauke. Raliya ta tsaya tana cizon leɓe. Zauren da ta share da hannunta jiya, mai kujera ɗari uku da lasifika, yana can a kulle.

Da lokaci ya cika, likitar ta raba 'yan takardun da ta zo da su, ta dafa kafaɗar Raliya, ta tare keke ta tafi.

Raliya tana tattara kwalaye sai ta ga takalmin Malam Umar Faruk a gabanta. Ya miƙo mata ambulan.

"Litinin, ƙarfe goma. Kwamitin ladabtarwa. Ki zo da mahaifinki."

Ta karɓa da hannu biyu. Abin da ya zo bakinta ba na faɗa wa malami ba ne.

Bai tafi ba. Ya waiga wajen ƙofa, ya rage murya.

"Wannan gwajin... a wane ɓangaren asibitin ake yi? An sa ranar Sadiq ɗina, wata mai zuwa."

Raliya ta dube shi. Sannan ta yagi bakin ambulan ɗin, ta ɗora a kan taya, ta rubuta sunan likitar da ranakun da take zama, ta miƙa masa. Ya naɗe ya sa a aljihun gaba, ya tsallaka titi, Baba Maiwada ya buɗe masa ƙofa.