Injin Iska na Gidan Gurza

Da Ummaru yaron makanike ya buɗe mesa ta biyu, sai allurar agogon tankin iska ta fara sauka. Da aka buɗe ta uku, iskar ko gashin audugar da ke kan bel ɗin inji ba ta iya ɗagawa. Malam Aƙilu, babban makaniken gidan gurzar auduga a Funtua, ya ce a kashe.

Ɗan injin iskar nan aronsa suka yi a garejin manyan motoci don gwaji. Kamfani zai sayo nasa don a riƙa hure ƙurar auduga daga cikin injinan gurza, manaja kuma yana son jin girman da za a yi oda kafin jirgin ƙasan da zai kai odar Zariya ya tashi da yamma.

Lissafin bai ba Aƙilu wuya ba. Ya san iskar da mesa ɗaya take ci, ya ninka sau huɗu, ya ƙara wadda za ta zurare a mahaɗar bututu. Babba ake buƙata. Da shi, mutum huɗu za su tsabtace injinan duka a hutun azahar, matan da ke bin injinan da tsintsiya kuwa aikinsu ya ƙare. Cikinsu akwai Sabuwa, matar marigayi wansa, wadda shi ya ɗauko daga Ƙarfi ya sama mata aikin.

Idan ya ce ƙarami, ba wanda zai musa masa. Ƙarami mesa ɗaya zai ɗauka, ita kuwa ba za ta isa ba, dole a bar matan. Sai dai tsintsiya ba ta kaiwa ƙarƙashin ƙarafan da ke zafi, kuma a nan ne wuta ta tashi bara, ta cinye hannun Shitu mai zuba auduga.

Ya daɗe zaune a kan dilar auduga. Daga baya ya shiga ofis ya faɗi ainihin girman da ake buƙata.

Bai so Sabuwa ta ji a bakin wani ba. Ya same ta a bayan sito tana kakkaɓe mayafinta, girarta fara fat da ƙurar auduga. Ya yi mata bayani, bai rage komai ba.

Ta saurara har ya gama, sannan ta tambaya ko abin yana da nauyi.

"Wane abu, Yaya?"

"Mesar."

Ya kai ta wurin injin, ya sa Ummaru ya tayar. Mesar ta fizge ta da farko. Ta gyara tsayuwa, ta riƙe da hannu biyu, ta cusa bakinta a lungun da ta yi shekaru tana leƙe tsintsiya ba ta kaiwa. Curin auduga baƙi ƙirin ya faɗo.

"Mutum huɗu ka ce?"

"Huɗu."

"Manajan ya ce maza?"

Aƙilu ya tuna maganarsa da manaja. Ba wanda ya faɗi haka. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya sake nufar ofis.