Katifa Mai Tabon Dutsen Guga

Katifar ta maƙale a kwanar bene, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Auta ta ja, ta tura, ta dake ta da gwiwa, duk a banza. Da a ce ƙawayenta na ɗaki suna nan, da tuni an wuce wurin, biyu a sama biyu a ƙasa, ana dariya ana tsine wa wanda ya gina benen. To amma su ukun sun haye aji biyu, sun koma sabon masaukin da ke jikin asibitin koyarwa. Sai da ta naɗe katifar biyu ta danne da ƙirji sannan ta samu ta sauko, gumi ya jiƙe mata ɗankwali sharkaf.

Dokar gidan ke nan. Kowace katifa da lambar gadonta a rubuce da fenti. Mai barin ɗaki ita za ta sauko da tata sito ta miƙa makulli, wadda aka ba gadon kuma ita za ta hau da ita. Ta Auta ko ba lamba ana gane ta, don akwai tabon dutsen guga a tsakiyarta, aikin wata safiya da ta makara.

Darasi ɗaya ne ya ja mata, kemistiri. Ta faɗi, aka ba ta damar sake rubutawa a hutu, ta zauna ita kaɗai a wannan ƙaton gini tana haddace abin da ba ya zama a kai. Sakamako ya fito, ta sake faɗuwa, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai maimaita aji ɗaya. Hukumar da ke biya mata karatu ta ce ita ba ta biyan aji ɗaya sau biyu, sai ta haye tukuna. Kuɗin makaranta yayanta ya ce zai san yadda zai yi, amma ɗakin haya a waje kada ma ta yi mafarkinsa. Masaukin jami'a kuwa, mai maimaita aji ita ce ƙarshen layi.

Matar da ke kula da masaukin, wadda ɗalibai ke kira Mama Makulli saboda tarin makullan da ke ƙugunta, ta karɓi katifar ta jingine a bakin sito. Ta dubi Auta ta saman gilashi.

"Wadda aka ba gadonki har yanzu ba ta zo ba," in ji ta. "Yau ce ranar ƙarshe. In na rufe sito ba ta iso ba, gado ya zama naki. Ki zauna kusa, kar ki yi nisa."

Auta ta ja jakarta da bokitinta zuwa bencin da ke bakin ƙofa ta zauna. In gadon ya kuɓuce, sai gidan Gwaggonta, can ƙarshen gari, mota biyu kafin a kai. Gwaggo ba ta da mugun nufi. Da murnarta ma ta ce Auta ta zo, dama tana neman mai taya ta da yara da shago. Abin da ya fi tsorata Auta ke nan. Yara biyar, ɗaki biyu, talabijin da ba a kashewa. Wanda ya kasa kemistiri a ɗaki shiru, ina zai iya shi da goyo a baya? Faɗuwa ta gaba kuma kora ce, ba maimaici ba.

Tun safe motoci ke sauke sababbin ɗalibai. Iyaye mata na ta ja wa 'ya'yansu kunne, ƙanne na rigima kan wa zai ɗauki filo. Ba wanda ya ce wa Auta ko sannu. Ta buɗe waya. Ƙawayenta sun sa hotonsu cikin fararen riguna, sun yi kyau abinsu. Ba su cire ta daga zauren hirarsu ba, sai dai tun da sakamako ya fito suke lallaɓa ta kamar ƙwai, ba tsokana, ba zagin wasa. Wannan ya fi mata ciwo fiye da a ce sun yi mata dariya. Mahaifiyarta kuwa, tun ranar da ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri ba ta ƙara tayar da zancen ba. In ta kira, sai ta tambayi ko Auta ta ci abinci, su yi shiru, su yi sallama.

Duk yarinyar da ta shigo da jaka sai gaban Auta ya faɗi. In ta ji ta ambaci wani ɗaki daban, sai ta sauke numfashi. Har ta kama kanta tana yi wa baƙuwar da ba ta sani ba addu'a, wai Allah ya ba ta wata makarantar da ta fi wannan, ko a ce ta fasa karatun likita ta koma lauya. Ba ta roƙa mata sharri ba, amma ta ji kunyar kanta.

La'asar ta yi, inuwar ginin ta rufe bencin, motoci suka ɗauke. Daga bayan gini Auta na jin ƙarar makullai, Mama Makulli ta fara shigar da sauran katifu. Har Auta ta soma lissafin inda za ta mayar da littattafanta.

Sai ga wani dattijo ya shigo yana haki, akwati a ka, takalmi ɗaya da ya tsinke a hannu. Wata siririyar yarinya na biye da shi da sabon bokiti, ko takardar farashi ba a ɓare ba. Ya yi sallama, ya ce motarsu ce ta lalace a hanya, sun shiga gini uku ana turo su gaba.

"'Yata, don Allah ina ake karɓar makulli? Ɗaki na sha bakwai aka ce mana."

Ɗakin Auta ke nan, gado ɗaya ne kuma ya rage a cikinsa.

Ofishin Mama Makulli yana bayan gini ne, a lungun tankin ruwa, ko allo babu. Duk baƙo sai ya yi ta bulayi kafin ya gano shi. Can tsallaken fili kuma ga babban ofishin rajista, da allonsa ƙato. Nuni ɗaya da yatsa ya isa. Kafin su je su dawo an rufe sito, ba kuma wanda zai ce ta yi ƙarya, ai can ma ana rajista.

Wallahi a wannan lokacin ta tsane su, shi da takalminsa, ita da bokitinta. Hannunta har ya ɗaga. Dattijon ya juya yana neman inda za ta nuna, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, ya gyara zaman akwatin don ya ruga. Yarinyar kuwa Auta take kallo, ido cike da ƙwalla, kamar ta ga 'yar uwa.

"Ku biyo ni," Auta ta ce. "Ku yi sauri."

Sun tarar Mama Makulli ta zura kwaɗo a ƙofar sito, saura ta danna. Ta dubi baƙin, ta dubi Auta, ta daɗe tana dubanta.

"Ke kika kawo su?"

"Ni ce."

Mama Makulli ta zare kwaɗon. Ta jawo katifar, ta miƙa wa yarinyar makulli.

Maza ba sa hawa benen, sai dattijon ya tsaya a ƙasa. Yarinyar ta rungumi katifar ta yi taga-taga, saura kaɗan ta kife. Auta ta yi tsaki ta kama ɗaya gefen. A kwanar bene ta ce mata ta naɗe biyu ta danne da ƙirji, suka wuce ba gardama. A ɗaki Auta ta shimfiɗa katifar da kanta, ta juya tabon ƙasa. Ta nuna mata soket ɗin da ke aiki da wanda ke jan mutum, ta ce famfon banɗaki na ƙarshe shi ya fi kawo ruwa da safe. Taga kuma ba ta rufuwa da ƙarfi, sai an ɗaga ta tukuna sannan a ja.

"Yaya, kin san ɗakin nan sosai," in ji yarinyar. "Aji nawa kike?"

"Ajinmu ɗaya." Auta ta karkaɗe hannu. "Ran Litinin ki ajiye mini wuri a gaba. Daga nesa zan riƙa zuwa, zan makara."

Yarinyar ta buɗe baki za ta yi tambaya, Auta ta riga ta fita. A ƙasa dattijon ya yi ta sa mata albarka, ya ce ga ƙanwarta nan amana, ya tambayi lambar ɗakinta don yarinyar ta riƙa zuwa gaishe ta. Auta ta ce za su haɗu a aji. Ta saɓa jakarta, ta ɗauki bokiti.

A tashar motar da ke gaban masaukin ta kira Gwaggo ta ce tana hanya. Ta cikin wayar tana jin jariri na tsala kuka, Gwaggo na cewa madalla, ta biya ta sayo sabulun wanki. Auta ta ce to. 

Daga inda take tsaye ana hango tagar ɗaki na sha bakwai. Yarinyar na can tana fama, tana ja da ƙarfi, tagar ta ƙi.

"Ɗaga tukuna," Auta ta ce a hankali.

Can sai tagar ta ɗan yi sama, ta rufu. Motar farko ta iso cike, kwandasta ya ce sai tsayuwa. Auta ta miƙa masa bokitin ta hau.