Hanyar da Rogo Ya Ɓoye

Ranar Alhamis da hantsi aka buga jerin ƙauyukan da motar asibiti za ta riƙa zagayawa duk wata. Asta ta bi shi da yatsa har sau uku, ba ta ga Wuro Labbo ba. Garinsu ke nan, can bayan Sunkani. An jefa shi a jeri na biyu, na ƙauyukan da aka ce mota ba ta shiga. Ranta ya ɓaci ƙwarai, domin yayarta Hamna tana can da cikin wata shida, ƙafafu a kumbure, kuma ba a taɓa yi mata awo ba.

Ofishinsu yana unguwar Mayo Gwoi a Jalingo, aikinsu kuwa fitar da taswirar hanyoyi daga hotunan tauraron ɗan adam. Da taswirar suke tantance ƙauyukan da motar asibiti za ta iya shiga. Manhajar kwamfuta ce ke yi. Sai ta tankaɗe hoton, ta nemi jan layi mai tsawo irin na hanyar ƙasa, ta siranta shi ya koma kamar zare, sannan ta zubar da duk guntun da bai kai mita ɗari biyu ba, wai tarkace ne. Manasseh, shugaban sashen, shi ya gina ta, yana kuwa ji da ita kamar ɗan auta.

“Oga, an bar garinmu,” in ji Asta.

Ko kai bai ɗaga ba. “Asta, kwamfuta ba ya ƙarya. In ya ce babu hanya, babu hanya. Ƙarfe huɗu zan tura wa asibiti lis ɗin nan.”

“Ni kuwa a bayan a-kori-kura na fito daga garin nan da Ƙaramar Sallah.”

“To ki nuna mini a hoto.”

Ta koma kujerarta tana huci, ta buɗe hoton ta yi ta zuƙo shi. Ga hanyar nan kuwa ja wur, amma a gutsure take. Kowane ɗan taƙi sai wani farin faci ya datse ta daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa manhajar ta ga guntaye, ta share su. Manasseh ya leƙo ta kafaɗarta ya ce yashin rafi ne, ruwa ya cinye hanyar. Shi da bai taɓa wuce kasuwar Sunkani ba!

Asta ta duba kwanan watan hoton: tsakiyar Janairu, da rana tsaka. Sai dariya ta ƙwace mata. Ita da ta girma da kwanon jiƙaƙƙen rogo a ka, yaya aka yi ba ta gane shi ba tun farko? A Wuro Labbo babu wuri mai tauri da santsi, marar ciyawa, kamar hanya, don haka a kanta mata ke shanya rogo duk rani. Su bar wa babur ɗan siririn wuri a gefe, in mota ta taho su janye da tsintsiya.

Ta kira mahaifiyarta ta sa a lasifika, ta gaishe ta da Fillanci. “Dada, jam na? Bana a ina kuka shanya rogo?”

“Ke Asta, Jalingo ya cinye miki hankali? A hanya mana, daga gindin tsamiya har rijiya.”

Manasseh ya sosa ƙeya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma mutumin bai iya sakin magana da sauƙi ba. “Na ji. Sai dai ba zan zana da hannu don garinki ba. Ki koya wa kwamfuta, in ki iya.”

Ta zauna ta rubuta sabuwar ƙa'ida: duk inda fari ya shiga tsakanin ja biyu, a haɗe su. Gwajin farko abin kunya ne. Manhajar ta ɗauki rufin kwano a matsayin rogo, ta ja hanya ta kan coci da shagunan garin Abbare. Manasseh ya yi dariya har da buga tebur. Biyu da rabi ta yi, Asta ko abincin rana ba ta taɓa ba, tsoro kuma ya fara kama ta.

Ta sake ƙura wa hoton ido. Rufi yana da kusurwa huɗu, yana kuma jefa inuwa. Shanya kuwa a kwance take, ba ta da inuwa, faɗinta bai wuce na hanyar ba, kuma jan da ke gabanta da na bayanta suna kallon juna. Ta shigar da waɗannan sharuɗɗa, ta ce bismillah, ta danna.

Zaren ya taso daga Sunkani, ya tsallake fari na farko, na biyu, na tara, bai tsaya ba sai bakin rijiyar Wuro Labbo. Kafin ta gama ihu, wasu zaruruwan suka fara tsirowa a kan allo, gabas da kudu. Ƙauyuka goma sha ɗaya suka fito, duk na masu rogo.

Manasseh ya cire tabarau ya goge, ya mayar. “Sha ɗaya,” ya ce a hankali. “Da na tura, da na zalunce su.” Ya miƙe ya ja mata kujerarsa. “Zauna nan, ke za ki tura lis ɗin.”

Bayan mako uku motar asibiti ta nufi Wuro Labbo, Asta a gidan gaba. Tun daga nesa ta hango Hamna zaune a kan turmi, ta riga kowa layi. Da ma'aikaciyar jinya ta gwada jininta sai ta ɗaga kai ta ce, “Ya hau sosai, amma kun zo a kan lokaci.” Hamna ta kama hannun ƙanwarta ta riƙe gam, Asta kuwa ta juya baya don kada matan gari su ga hawayenta.