Muryar Baba Kallamu a Cikin Kwamfuta

Da aka gama yaƙin basasa, Baba Kallamu na cikin waɗanda suka fara komawa Fatakwal. Ya tarar rumfarsa ta kasuwar Mile One ta zama toka, ya sake kafa ta, ya ci gaba da sayar da albasa. Da arzikin mai ya shigo gari sai ya sayi rikoda, ya riƙa yi wa matarsa Yelwa magana a kaset, direban babbar mota yana kai mata Arewa, har ta biyo shi. Abu guda kowa ya san shi da shi a kasuwar nan: bai taɓa rantsuwa ba. In mai saye ya ƙaryata shi, iyakaci ya ce, "To, duba gaba."

Ya daɗe da rasuwa lokacin da jikarsu Safiyatu ta zo ta ari kaset-kaset ɗin nan. Yarinyar nan fa dakta ce yanzu, aikinta koya wa kwamfuta Hausa, har a ƙasashen waje ana karanta bincikenta.

Wata Juma'a da hantsi Yelwa na tsintar shinkafa, Safiyatu ta ajiye kwamfutarta a kan tabarma ta danna.

"Salamu alaikum, uwargida."

"Wa alaikumus salam, Malam," in ji Yelwa, bakinta ya riga hankalinta. Sannan faifan shinkafar ya suɓuce mata. Har ɗan kakin nan da yake yi kafin magana ta ji.

"Kaka, ba shi ba ne," in ji Safiyatu tana dariya. "Muryarsa na koya wa na'ura. Mako mai zuwa zan nuna a taron masana, sannan a sake ta, kowa ya yi amfani da ita. Mijin naki zai yi suna. Tambaye shi wani abu mana."

Safiyatu ce ta tambaya ko albasar yau mai kyau ce.

"Wallahi tallahi, babu irinta a kasuwar nan," in ji muryar.

Yelwa ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Wa ya sa shi rantsuwa?"

"Daga maganar wasu 'yan kasuwa ta koyo. Zan gyara."

"Ki gyara wannan, gobe wani ɗan iska a Onitsha ya sa shi ashar? Ko ya sa shi ya sake ni? Mutum ya tsare harshensa har kabari, yana kwance kuma ana ƙara masa magana."

"Allah ya san ba shi ya faɗa ba, Kaka."

"Allah ya sani. Mutanen Mile One fa? Ni da na kwana ɗaki ɗaya da shi, ba ki ji na amsa sallama ba?"

Dariyar Safiyatu ta ɗauke. A hankali ta ce in ta cire muryar, ba ta da abin nunawa a taron.

Yelwa ta dubi kwamfutar. "Ɗauki tawa. Surutu dai kin san ba ya ƙare mini. Ina da rai, in ta yi mini ƙarya na ƙaryata ta. Ran da aka binne ni kuma, ki kashe ta."

Safiyatu ta jawo kwamfutar. Yelwa ta toshe kunnuwa da mayafi, don kada ya yi magana yayin da ake goge shi. Ba ta buɗe ba sai da jikar ta taɓa gwiwarta ta ce an gama.

Da muryar Yelwa aka yi taron, aka ce an yi ta tafi. Ita kuwa tun ranar, in aka yi sallama a ƙofar gida, ba ta amsawa sai ta leƙa ta ga ƙafafun mai yin ta.