Saki Uku a Gindin Turke

Wari iri-iri ne, amma wanda ya tare a gidan Sanda na Unguwar Kanawa ba shi da na biyu. Ƙonannen man zurma ne, haɗe da kananzir da wani ruwa mai tashin asibiti. Safara'u, matar gidan, ta yi turaren wuta har ta gaji. Warin ya shiga katifa, ya shiga randar ruwa, ya shiga garin tuwo. In ta je gidan suna sai ta ga mata suna jan hanci suna duba ƙarƙashin tabarma, ita kuwa ta san daga zanenta yake fitowa.

Sanda ma'aikacin gidan waya ne, ɓangaren wayar iska. A shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa ya tashi komawa ƙasarsu, ya rasa abin da zai bar masa sai ɗan jirgin sama na wasa. Fikafikansa sun kai buɗewar hannun mutum, yana da ɗan inji da farfela a hanci, ga kuma wani akwati mai maɓalli ɗaya da ake juya shi da shi daga ƙasa. To, tun ranar da wannan abu ya shigo gidan, Sanda ya tashi daga mijin aure ya koma bawan inji. Mutum da gemunsa, mai ɗaukar albashin gwamnati, sai ka same shi durƙushe a tsakar gida yana hura wa ƙarfe iska da baki.

Tasar da Safara'u ke dama fura a ciki, nan ya jiƙa kusoshinsa. Da ya shaƙi hayaƙin man ya isa, cikinsa ya ɓaci, ita ce mai ɗawainiyar buta da wanki. Duk ta shanye. Sai ranar da ta nemi fatalarta ta siliki, wadda marigayiya mahaifiyarta ta bar mata, ta rasa. Ta same ta a fiffiken jirgi, an yanka, an miƙar, an shafe da wani fenti mai ɗoyi.

"Ai siliki ya fi takarda ƙwari," in ji Sanda, ko kansa bai ɗago ba.

A ranar ta ƙulle 'yan kayanta a zane ta tura ƙarƙashin gado. Gidan mahaifinta na nan Kurmin Mashi, ba nisa. Amma ba ta tafi ba, don ba ta ƙi mijinta ba, kuma bai taɓa zaginta ba. Jira take ta gani ko tana nan a zuciyarsa, ko kuwa ita ma ta zama ɗaya daga cikin kayan gidan. Wannan kaɗai ya hana ta jawo ƙullin.

Shi jirgin nan yana da ƙa'ida, Baturen ya ja wa Sanda kunne a kanta. Ba a tayar da injin sai an tsare wutsiya, ko mutum ya riƙe ta baya, ko a ɗaure ta da igiya a jikin abu mai ƙarfi. Sanda ya taɓa yin ganganci sau ɗaya. Injin na kamawa jirgin ya zabura, ya tsarge masa yatsa, ya wuce ya tarar da kazar Safara'u mai kwanci. Ba ta yanku ba, mushe ta zama, Safara'u ce kuma ta kankare jini da gashi daga bango tana kau da kai. Bayan nan ne ya tumɓuke turken akuyarta ya kafa a tsakiyar gida, akuya kuma ta koma ɗaure a ƙafar rumfa.

Ran wata Asabar bayan la'asar, an ɗauke ruwan sama ke nan, ya dawo da sabuwar igiya. Ya zarga ta a wutsiyar jirgin, ya ɗaure a turke, ya ja, ya girgiza kai.

"Safara'u, zo ki riƙe mini wutsiya."

Tana tankaɗe a bakin madafa. Ta ce, "Maigida, ba ga turke nan ba?"

"Igiyar sabuwa ce, ban yarda da ƙullin ba tukuna. Ki tsuguna ta baya, kada ki kuskura ki zo gaban farfela. Ki tattare bakin zanenki. In ya tashi ya daidaita zan ce ki saki, sai ki sassauta a hankali igiya ta karɓa. Kin gane?"

Ta gane. Abin da bai faɗa mata ba shi ne, duk ƙazantar da injin ke fitarwa ta baya take bi. Ta tsuguna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kama wutsiyar da hannu biyu. Santsi kamar bayan tarwaɗa, ga ƙananan ƙudaje sun manne sun mutu a jikin man.

Sanda ya ɗura mai, ya naɗe yatsarsa da tsumma, ya shiga kaɗa farfela. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. Can sai ya kama da wata ƙara mai tsinka kunne, akuya ta fizgi igiyarta, kaji suka watse. Jirgin ya yi gaba kamar zai cire mata hannu daga kafaɗa. Iska ta bugo ta, ɗauke da feshin mai ɗumi-ɗumi, ya sauka a goshinta, a girarta, ya gangaro kan leɓenta. Ta ɗanɗana shi ba da so ba. Ta runtse ido, ta datse baki, ta ƙanƙame wutsiyar, don ta tuna kazarta.

Shi kuwa gogan naka yana ta yi mata alama da hannu. Wadda ta rufe ido ina za ta ga alama? Ya yi magana, ƙara ta haɗiye. Ya ɗaga murya, ta haɗiye. Sai ya cika ƙirjinsa da iska ya tattaro duk ƙarfin maƙogwaronsa. Daidai nan injin ya shaƙe ya mutu, irin yadda ya saba, ba sallama. Unguwa ta yi tsit, muryar Sanda ita kaɗai ta tashi ta ƙetare katanga.

"Safara'u! Saki! Saki! Saki na ce!"

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Malam Shu'aibu, malamin unguwar, wanda magidanta ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa da yamma. Karatun ya tsaya cak. Kafin Safara'u ta gama goge idonta, Iya Hansai, uwargidan Malam, ta faɗo gidan mayafinta a karkace, tana salati.

"Inna lillahi. 'Yar nan, me kika yi masa? Uku ringis, a tsakar gida, da rana tsaka?"

Safara'u ta buɗe baki za ta yi bayani, man da ke leɓenta ya gangara maƙoshi. Ta ruga bakin makwarara ta yi ta kwarara amai, Iya Hansai na dafa bayanta tana cewa ta yi haƙuri, haka maza suke. Tana durƙushe a nan ta waiga. Ta san sarai ba sakinta ya yi ba. Amma ga tsohuwa na kuka a gidansa, ga matarsa na amai, ai ko dutse ne ya ɗago ya duba. Sanda na can gindin turke, ya kara kunne a jikin injin yana murɗa wata 'yar kusa.

Sai da Malam Shu'aibu ya yi sallama a zaure har ya maimaita, sannan Sanda ya miƙe, ya goge hannunsa da tsumman da matarsa ke sauke tukunya da shi, ya fita. Safara'u ta matsa jikin bangon zauren, Iya Hansai na riƙe da hannunta.

Malam ya yi gyaran murya. "Malam Sanda, mun ji abin da ba mu so ji ba. Ni da waɗannan bayin Allah duka mun ji. Ka kira sunan iyalinka, ka ambaci kalmar nan har sau uku. Ba abin wasa ba ne, shi ya sa na taso."

Sai Sanda ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Allah gafarta Malam, wane irin saki? Wutsiyar jirgi ta riƙe mini, na ce ta saki igiya ta karɓa. Shi ke nan fa."

"To, madalla. Amma bari in tambaye ka, don zuciya ta natsu. Lokacin da kalmar ke fita daga bakinka, ba ka nufi aurenku ba? Babu wani ɓacin rai tsakaninku da ya zo maka a rai?"

Safara'u ta kasa kunne ta ji amsarsa. Da ma ya ce akwai. Da ma ya ce ya lura kwanan nan ba ta dariya, ko ya ce ya san ta yi fushi a kan fatalar. Ko haushinta ne ya ce ya ji, ta karɓa.

"Wallahi, Malam," in ji Sanda, da muryar mai gaskiya, "ko tunawa da ita ban yi ba. Hankalina duk yana kan allurar da ke daidaita mai a injin. Ita ko a raina ba ta zo ba."

"To, aure na nan daram," in ji Malam. Magidantan suka yi dariya, wani ya ce a dai riƙa sassauta murya. Iya Hansai ta yi hamdala ta rungume Safara'u, sannan ta ɗan ja baya tana duban man da ya shafi mayafinta.

Safara'u ta zare jikinta ta nufi randa. Ta ɗebi ruwa da toka ta wanke fuskarta, ta wanke hannu har gwiwa, ta kurkure baki. Ta shinshina hannun, warin na nan. Wani ƙyanƙyami ya taso mata wanda ya fi na man zurma, na gidan da kayan cikinsa, har da kanta da ta zauna tana jira.

Sanda ya shigo yana sauran dariya. "Kin ji shirmen mutane? Zo ki riƙe mu sake, kafin magariba. Na gano abin da ya kashe shi."

Ta shiga ɗaki. Ta fito da mayafi a kanta, ƙullin kaya a hammata. Ta kwance akuyarta daga ƙafar rumfa.

"Ina zuwa kuma?"

"Kurmin Mashi."

Ya dube ta, ya dubi jirgin. "Yanzu? To, wa zai riƙe mini?"

"Ka ce in saki, Maigida," ta ce. "Na saki."

Ta bi ta zaure ta fita, akuya na biye da ita. A ƙofar gida ta ɗan rage sauri, kunnenta na baya, ko za ta ji takun takalminsa. Ta wuce zauren Malam, ta tsallake kwatar da ruwan sama ya cika. Ba ta kai bakin titi ba ta ji injin ya tashi, ƙarar ta miƙe ba tangarɗa. Ashe igiyar ta riƙe.