Ranar da Sanda Ta Suɓuce wa Tashoy

Duk wanda ya san Tashoy Beckford a garinsu na kudancin Jamaika, da abu biyu ya san ta: gudu da durƙuso. Ita ce mai karɓa ta ƙarshe cikin 'yan mata huɗu da ke yi wa makarantarsu tseren miƙa sanda, kuma da ta ƙetare layi sai ta kai gwiwa ƙasa ta gode wa Ubangiji. Muddin tana ci, kowa na son durƙuson nan. Dikon Linval, mataimakin fasto, wanda ke riƙe da cocinsu tun da fasto ya kwanta ciwo, har gaba yake kiranta ran Lahadi. "Ku dube ta," yakan ce, "wanda ya riƙe Yesu ba ya zuwa na biyu."

Ranar gasar makarantu a Kingston rabin gari ya cika motoci, mata riƙe da marafen tukwane na kaɗawa. Kerisha, mai gudu ta uku, ta sha kwana tana gaban kowa. Ta miƙo sanda, Tashoy ta ji ta a tafinta, ta damƙe, sai iska, sanda ta faɗi ƙasa. Kafin ta juya ta ɗauko, sauran sun yi mata fintinkau. Duk da haka ta sheƙa, ta iso ita kaɗai, ta durƙusa yadda ta saba.

Marafen tukwane suka yi tsit. Wani daga cikin 'yan kallo ya ƙwala mata kira, "Ki roƙo hannu, ƙafa dai kina da ita!" Aka tuntsire da dariya.

Kerisha ta tsaya a kanta tana haki, hawaye na zuba. "Ke, tashi! Godiyar me? Wahalar shekara guda kika zubar mana a ƙasa!"

"Laifina ne, Keri, na yarda. Amma ban gama ba." Ba ta ɗago ba sai da ta ce amin.

Da safiyar Lahadi kakarta Icilda, wadda ta rene ta, tana ɗora shinkafa da wake ta ce, "In ba za ki iya ba ki zauna, 'yar nan. Yau bakin mutane ya fi barkono."

Tashoy ta riga ta goge farar rigarta. "Ai cocin ba na Dikon ba ne, Kaka."

Da suka shiga, masu rungumarta a da duk suka duƙufa kan littafin waƙa. Dikon Linval bai yi nisa da wa'azi ba ya iso inda ya dosa. "Ubangiji ba ya kunyata nasa haka kawai. In abu ya suɓuce a hannu, a bincika zuciya." Ya waiwayo. "'Yar'uwa Tashoy, taso ki sauke abin da kike ɓoyewa, mu yi miki addu'a."

Ta tashi. Ta je gaba, ba ta durƙusa masa ba, ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Shaida zan bayar," ta ce. "Sanda ta faɗi ne don na yi gaggawar rufe hannu, kocinmu ma ya faɗa mini. Zunubi kam ina da shi, kamar kowa a nan, amma ba shi ya kayar da ita ba. Ni ban taɓa durƙusa don na ci ba, ku ne kuka ɗauka haka. Wanda ya ba ni ƙafafun nan bai canza ba don na zo ta ƙarshe. Jiya na gode masa, kuma ko baɗi ta sake faɗuwa, a kan gwiwata za ku gan ni."

"Yarinya, iya bakinki a ɗakin Ubangiji!" in ji Dikon.

Sai ga tsohuwa Icilda ta miƙe, hular cocinta a karkace. "Linval, ƙyale ta ta ƙarasa. Kai da ko kaza ba ka taɓa cimma ba, kai za ka gaya mana abin da ke kayar da sanda?"

Dariya ta kubce wa 'yan mawaƙa. Wasu suka ce amin da ƙarfi, wasu suka murtuke. Daga ranar Dikon bai ƙara kiranta gaba ba, akwai kuma matan da suka daina amsa gaisuwarta. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma canza benci ba.

Kerisha ta daɗe tana gaba da ita. Wata ranar atisaye dai ta zo ta zungure ta da kafaɗa. "Fasto, in kin gama wa'azi zo mu gyara hannun nan naki mai santsi."

"Sai na yi addu'a."

Kerisha ta yi tsaki, ta zauna a ciyawa tana ɗaure takalmi. "To yi sauri. Ki saka ni ciki, gwiwata na ciwo."