A Karanta Mu Ji

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya, kuma a ɗakinmu akwai dokar da ba a ketawa: ba kya yi wa majinyaci allura sai kin ɗaga kwalbar kin karanta abin da ke jikinta da baki, abokiyar aikinki tana ji. Ido kan tsallake layi in ana sauri, kunne na biyu ke kamawa. Da wannan ɗabi'a na yi ritaya. Ko takardar kuɗin wuta sai na karanta wa maigidana, shi kuwa ya ce, "Sista, ni fa lafiyata ƙalau."

Da kuɗin sallamata suka fito, sai na ƙwallafa rai a kan wani gida mai sassa huɗu a bayan tasha, cike da 'yan haya. Kuɗina ko rabi ba su kai ba. Dillali ya tura mu wani kamfani da ke cika wa mutum kuɗi, ya riƙa biya duk wata. A waya suka ce mu zo da takardun gidan da muke ciki, wai don tabbatar da adireshi kawai.

Ofishin yana hawa na biyu, da kujerun fata da sanyin da ya sa gwiwata ciwo. Ma'aikacin da ya tarbe mu, tun daga matakala hancina ya gaisa da shi, shi ya sa har yau Mai Turare muke ce masa. Ya karɓi ambulan ɗin takardunmu ya danne da gwiwar hannu.

"Mama, kin yi sa'a," in ji shi. "Abin da za ki riƙa biya bai kai kuɗin hayar ba. Gidan ne zai sayi kansa. Sai dai tayin nan ƙarfe huɗu yake rufewa."

Uku ta wuce. Wallahi na ɗauki biro, don raina ya riga ya biya. Amma hannuna ya ƙi. Na gyara tabarau na fara karantawa daga shafin farko, da murya irin ta ɗakin majinyata.

"Ai duk abin da na faɗa miki ne a ciki, Mama."

"To bari mu ji ko kun yi daidai da takardar."

Maigidana tsohon direba ne, ba ya son tsayawa a hanya. Ya taka mini ƙafa sau biyu, na yi kamar ba tawa ba. Shafi goma sha biyu ne. Kafin na kai na tara bakina kawai ke aiki, hankalina yana can yana zaɓar fentin da zan yi wa sassa huɗu. Har na kama gefen takardar zan juya.

"Tsaya," in ji maigidana. "Maimaita wannan."

Na maimaita. Bayan wata ashirin da huɗu, duk ragowar kuɗin za a biya su a dunƙule cikin kwana talatin. In an kasa, kamfani zai sayar da kadarar da aka saya, da kadarar da aka gabatar da takardunta.

"Yaro, kadara ta biyun wacce ce?"

Mai Turare ya yi murmushi. "Baba, ba a kaiwa nan. Kowa sabunta yarjejeniya yake yi."

Na ce, "A wane shafi aka rubuta haka?"

Ya juya takardu, ya sake juyawa, ya ce wannan fahimtar juna ce. Na yi lissafi a raina. Ko hayar shekara goma aka tara ba za ta biya ragowar nan ba, kuma gidan da muka gina ɗaki-ɗaki, inda muka yi renon yara biyar, ga shi a ƙarƙashin gwiwar hannun wani. Ni ce kuma na kawo shi da kaina, a jakata.

Na miƙa hannu yadda likita ke miƙo mini in yana son almakashi. Mai Turare ya ce zai rage mana wani abu. Ya ce wata mata tana jiran gidan. Hannuna yana nan a miƙe har ya ɗaga gwiwarsa.

Muka kama hanyar gida da ambulan ɗinmu. Na ji zafin rasa gidan bayan tasha, ba zan ɓoye ba. Amma da muka iso, ƙofar gidanmu ta yi wannan ƙarar da na shekara ina yi wa maigidana mita a kanta. Na zauna a bakin baranda ina ta hamdala.

Ya zauna kusa da ni, ya zaro takardun daga ambulan ya ɗora mini a cinya.

"Sista, karanta mu ji."

Na karanta lambar fili. Na karanta sunansa, na karanta nawa. Daga nan ya karɓi takardar, shi ya ƙarasa.